Kogin da Muke Kwana a Kai

Ƙarfe uku na dare Lantana ta taɓa ni,
ta ce, "Malam, tashi, ɗayanmu ya yi abin kunya."
Na shafa zani, na sansana.
Ba ni ba ne, ba ita ba ce.
Katifa ce ta gaji.

Shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da mu.
Maigidana Kwara, ranar da zai bar Apapa,
ya ce, "Ga ladan tuƙi, saboda ciwon bayanka."
Wasu agogo ake ba su, ni tafki aka ba ni.
Jarka ashirin da shida ta shanye ranar farko,
mai garuwa ya hau benenmu har ya daina amsa gaisuwa.

Da asuba Iya Sikira ta ƙasa ta hawo,
bokiti a hannu, Yarabanci a baki.
Silin ɗinta na hawaye kan buhun garin rogo.
Na ba ta haƙuri da Hausa,
ta karɓa da lissafi.

Na kira Rasaki mai faci daga bakin titin jirgi.
Ya zo da gam da guntun roba,
ya goge, ya danna, ya jira,
ya liƙe ido ɗaya, biyu suka buɗe.
Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa:
"Baba, ko taya ce, da na ce a yar.
Ba ƙusa ba ce. Tsufa ne."
Ban ce komai ba. Na san ciwon.

Namadi ya zura tiyo ta taga,
na zuƙa kamar yadda muke zuƙar fetur lokacin layi.
Ruwan da ya san duk sirrinmu ya cika min baki,
ɗaci-ɗaci, da warin roba.
Ya sauka kwata, ya shiga sahun ruwan Ikko
wanda ba ya tambayar kowa hanya.
A garin da teku ke ƙofar gida
amma kofi ɗaya sai ka biya,
na tsaya ina kallon kuɗina na gangarawa Agege.
Yaran layi suka sa masa jirgin takarda.

Kafin azahar ta kwanta shame-shame
kamar fatar layya.
Ɗan bola ya taya ɗari biyar,
Lantana ta ce albarka,
rumfar ƙosanta na yoyo tun bara.

Sabuwa a Mushin na samo, ta soso, cikin leda.
Obiora mai shago ya rantse ita za ta binne mu,
na ce to rage min, tunda ba zan ga ƙarshenta ba.
Muka ɗaure ta a saman danfo,
a Oshodi hadari ya tsinke,
ga cunkoso, ga ni ina leƙe ta taga
ina yi wa katifar da na saya don gudun ruwa
addu'ar kada ta jiƙe.

Yau dare na uku ke nan.
Ba motsi, ba ƙugi, ba sanyin da ke ratsa ƙugu.
Bayana ma ya yi shiru.
Sai dai ban yi barci ba.

A da, in ta juya, igiyar ruwa kan zo ta faɗa min.
In ta yi tari, ina jin sa a haƙarƙarina.
In mun yi faɗa ta koma can ƙarshe,
ruwa kan gangaro da ita kafin kiran salla,
babu wanda ya ba wani haƙuri.

Yanzu kowa na kan tudunsa.
Janareton maƙwabta na ta surutu,
fanka na juyi,
ni kuwa na miƙa hannu cikin duhu
in ji ko tana nan.
Sai na ci karo da nata a hanya.